Ganyen da Ka Share

Baban Ngodoo,

Na fita kana barci. Zan biya coci in miƙa ganyen dabinon nan kafin in wuce kasuwa, yau Katikis, malamin coci, zai ƙona su don tokar da za a shafa mana a goshi gobe Laraba.

Na same su a bola, ƙarƙashin ɓawon doya. Na wanke su, sai dai biyu da akuyar maƙwabta ta riga ni. Kai busasshen ganye ka gani yana tara ƙura a bayan gicciye. Ni kuwa tun Lahadin Dabino na bara da Fada, limamin cocinmu, ya sa masa albarka nake adana shi. Abin da aka sa wa albarka ba a zubar da shi a shara, ko Ngodoo ta san wannan.

Amma ihun da na yi maka jiya a gaban yara bai dace ba, ka yi haƙuri. Na dawo bayana kamar zai tsinke, wanki na jirana, ga doya ban daka ba. Ban ma ce maka sannu ba, alhali tunda muka yi aure ban taɓa dawowa na tarar da falo a share ba sai jiya. Har ƙarƙashin kujera ka shiga, na gani.

Koko na cikin kula. Ka tabbata Sesugh ya sha maganin tarinsa.

Ka ce ba za ka ƙara taɓa tsintsiya ba. Tana bayan ƙofa, kuma ɗakin yara ma ƙura ce.

Mnguember