Gashin Zabon Taufiƙ

Nyohini, Tamale.

Ɗana Taufiƙ,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da jikata Zuhuratu da ban taɓa ɗauka ba. Yaya aiki, yaya sanyin Sikotilan? Mu lafiya lau, sai kunnena da ya ƙara nauyi. Shi ya sa na koma takarda, don a waya ban da "Baba lafiya?" ba abin da nake ji.

Abokinka Nurudeen da ya zo hutu ya kawo saƙonka. Wai ka fara kamun kifi a wani rafi mai duwatsu, kifin da kuke kira turawut, kuma ba da tana ake kama shi ba, da ƙudan ƙarya ne na gashin tsuntsu ɗaure a ƙugiya. Wai kullum hannu wofi kake komawa. Na yi dariya har da tari. Kai da kake kuka in na sa ka a kwalekwalena a Nawuni. Amma tun da ka tafi ba ka taɓa tambayata komai ba sai wannan, don haka saurara.

Ban taɓa ganin kifin nan ba, amma kifin rafi kullum yana fuskantar inda ruwa ke zuwa. Ka faro daga ƙasa ka hau, ka zo masa ta baya. Kada inuwarka ta faɗa ruwa, kuma ka bar farar riga a gida. In ka isa kada ka jefa komai tukuna. Zauna ka kalli ruwan har ka gaji, sannan ka ƙara kallo. Na san gaggawarka.

Ga gashin zabo da ka roƙa. Na wannan zabon ne da na saya shekarar da ka ce za ka zo Sallah, wanda na ce ba mai yanka shi sai ranar da ka sauka. Yana nan, yana damun unguwa da kuka.

Mahaifinka,
Sidiki.

Nyohini, Tamale.

Ɗana Taufiƙ,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. An ce Zuhuratu ta fara tafiya, Allah ya raya ta. Takardarka ta iso, na karanta ta har ta yi laushi a aljihu.

Ka ce itatuwan bakin rafin suna cinye maka ƙugiya. Don in gane matsalar sai na sami gora da zare, na tsaya tsakar gida ina jifa yadda ka kwatanta. Na kamo zanen mahaifiyarka Adiza daga igiyar shanya. Ta ce tsufa ya zo mini da sabon salo. To ga abin da na gano: kana jifa da nisa don a ga ka iya. Rage zare. Durƙusa, ka matso, ka jefa ta gefe a ƙarƙashin rassan. Nemi bayan dutse, inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, nan babba yake zama yana jiran abinci ya zo masa. Ka bar ƙudan ya bi ruwa da kansa, kada ka ja shi. Ka ɗaga wani dutse ka ga ƙwarin da ke ƙarƙashi, in ƙanana ne ka ɗaura ƙarami.

Wallahi ina kewarka. Da hantsi nakan rufe ido in ga rafin naka, ni a bayanka, ina riƙe maka kafaɗa kada santsi ya ɗauke ka.

Ga wani gashin. Fatar bayan zabon ta fara fitowa fili, yanzu in ya hango ni sai ya hau katanga.

Mahaifinka,
Sidiki.

Nyohini, Tamale.

Ɗana Taufiƙ,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Mun ga hoton. Kifi mai ɗigo-ɗigo kamar zabon da ya kamo shi, kai kuma kana dariyar da rabona da ita tun kana makaranta. Na zaga Nyohini da shi har masallaci.

Sai da na kai ƙarshen takardar na ga ka ce ka mayar da kifin ruwa, wai haka ake yi a rafin. Wata da watanni kana durƙuso, ka sake shi. Na yi fushi yini guda. Daga baya na karanta inda ka ce ya koma bayan dutsensa, kuma ka san inda za ka same shi. Nan na huce.

Na kuma ga inda ka ce bana ma ba za ka samu zuwa ba, a aiko maka da gashi mai yawa wanda zai kai ka baɗi. Adiza da ta ji ta ce, "To a yanka shi mana, a fige duka. Naman ma ya yi tauri koraa, ba zai taunu ba." Har ta ɗauko wuƙa. Na karɓa na mayar madafa.

Ba ni da sauran shawarar da zan ba ka, ka riga ka iya. Ga gashi kaɗan a cikin takardar nan, ba zai wuce damina ba. Sauran yana jikin zabon, ni kuma gwiwata ta daina binsa kan katanga. In kana so, ka zo ka kama shi da kanka. Ka zo masa ta baya, kada ya ga inuwarka. Ka taho da Zuhuratu ta riƙe maka ƙafafunsa.

Ka gaishe da gida. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mahaifinka mai jira,
Sidiki.