Waken Mama a Kan Auduga

Asabar, 27 ga Yuli, 2024

Justin ya turo mini labari a waya tun da safe. Wai na'urar da aka aika duniyar Mars ta ga wani dutse mai ɗigo-ɗigo, masana na cewa wataƙila sawun ƙananan halittu ne na zamanin da. Wataƙila. Ɗan nan nawa ya san lagona. Shekara talatin da ɗaya ina koyar da ilimin halittu, kuma babu ajin da bai tambaye ni inda rai ya fara ba. In ce a ruwa, in ji masana. Su ce to wa ya sa shi a ruwan? In ce wannan sai ranar Lahadi wurin fasto, yanzu a buɗe shafi na gaba.

Ƙanena Wilfred ya kira. Zai rushe rumbun Mama a Kagoro ya gina shago. Gidan nasa ne yanzu.

Litinin, 29 ga Yuli

Na je Kagoro kafin su sa diga. Can ƙasan rumbu na tarar da ɗan tulu, an liƙe bakinsa da laka. Na fasa. Toka ce, a cikinta kuma jan waken nan mai farin ido da Mama ta gada wurin kakarmu. Na manta rabon da in gan shi a kasuwar Kafanchan.

Shekara bakwai ke nan da ta ajiye fartanya, bara ta rasu. Idan wannan bai tsira ba, irin ya tafi tare da ita. Na rungumo tulun a cikin bas, wata mata ta tambaye ni ko magani ne.

Talata, 30 ga Yuli

Ƙwaya ashirin a kan jiƙaƙƙiyar auduga, cikin faranti, bakin taga. Kwana goma zan ba su, yadda nake koya wa ɗalibai.

Juma'a, 2 ga Agusta

Babu komai tukuna. Sun kumbura dai, amma mataccen iri ma yana shan ruwa.

Yau na tuna gardamarmu. Mama ta yi imani wake ne da kansa yake haihuwar ƙwaro. Ni kuma na dawo daga kwaleji, kai ya cika da boko, na ce rai daga rai yake fitowa. Na zuba wake a kwalba, na toshe da kyandir, na ajiye a gaban matan zumunta don kowa ya shaida. Bayan wata ɗaya kwalba ta cika da ƙwari. Ashe tun a gona suke saka ƙwai, littafina bai kai nan ba. Ta ɗaga kwalbar sama tana cewa, "To, Tamar, ta wane ƙofa suka shiga?" Har ta tsufa, duk baƙon da ya zo sai ya ji labarin. Ina kewar dariyar nan ƙwarai.

Lahadi, 4 ga Agusta

Bayan sujada wani dattijo yana ta faɗa, wai me ake nema a sama alhali ƙasa ta isa kowa. Da ni ma haka nake cewa. Yau kuwa sau huɗu na leƙa farantin kafin in fito.

Talata, 6 ga Agusta

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Ranar da aka kai ni ɗakin miji a Zonkwa, Mama ta ƙulla mini waken nan a bakin zane. Haka ita ma uwarta ta yi mata: 'ya ba ta barin gida babu iri. Ni malama ce, ɗaki biyu muke haya, ina ni ina gona? Wani ƙarshen wata na dafa shi da doya. Ya yi daɗi, abin haushi. Duk damina sai ta ce, "Yaya waken ka?" In ce yana nan lafiya. Shekara talatin da shida ina faɗin haka.

Juma'a, 9 ga Agusta

Kwana goma. Sun yi baƙi, sun fara wari. Ashirin, babu ko ɗaya.

Na yi kuka, ban ɓoye wa kaina ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Justin ya kira. Na ce masa na fahimci mutanen Mars ɗin nan, su ma sun tarar da alama amma ba su tarar da mai gida ba. Ya ce, "Mami, kin tambayi mutane kuwa?" Wa zan tambaya? Tsaran Mama sun ƙare, in ban da Mama Afiniki, aminiyarta, wadda rabona da gaishe ta tun jana'iza. Kunya ce ta hana ni, ba nisa ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Na je. Tana gindin mangwaro, ido ya tafi amma kunne garau. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na faɗa mata komai, har doyar.

Ta yi dariya har da tari. "Maman ka ya sani tun shekaran farko. Ya je gidan ka, bai ga ko kunya ɗaya na wake ba. Shi ne ya kawo mini mudu guda, ya ce wannan na Tamar ne, a shuka masa har ranan da zai zo." Ta sa surukarta ta kai ni bayan gida. Kunya uku, ganye shar, sati biyu da shuka. Kowace damina suna sabunta shi, da ƙafa ta gaza surukar ta karɓa.

Na ce me ya sa Mama ba ta taɓa faɗa mini ba? Ta ce, "Ya ce kai malama ne, ba a koya maka. Sai ka gano da kan ka."

Na daɗe a tsaye cikin kunyoyin.

Laraba, 14 ga Agusta

Mama Afiniki ta ba ni ragowar irin da suka shuka bana. Na cire furannin da ke gefen katanga, dama sun dame ni. Na ari fartanya wurin maƙwabta. Ba wai noma zan fara da tsufana ba, kunya biyu ce kawai. Bayana yana ciwo.

Na ware ɗan kaɗan na ƙulle a tsumma. Justin ya ce watan Disamba zai kawo yarinyar da zai aura mu ganta.