Baba, Na Haɗa Fiyanonka da Wayata

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana hutawa a wurin Ubangiji. Na san ba mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba. To amma bakina ya cika, wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Gida lafiya. Masara ta yi kyau bana, dawa ma ta sunkuya, mun soma yanka. Mama ce dai har yanzu. Wata takwas ke nan ba ta taka coci ba, ta ce ba za ta iya kallon kujerar da kake zama kana kaɗa fiyano ba. Ranar da muka dawo daga jana'izarka ta lulluɓe fiyanon lantarkin nan naka, wanda kake ɗauka zuwa coci duk Lahadi, da zane, ta ce kada ta ƙara jin muryarsa a gidan nan.

Ga ranar godiyar kaka, ta kai amfanin gona coci, ta matso, kuma tun tafiyarka da tafi da ganga kawai ake waƙa. Da Fasto ya tambaya ko akwai mai iyawa cikin 'ya'yanka, hannuna ya tashi tun kafin in yi shawara da zuciyata.

Bari in tona kaina. Duk ranar da ka hau babur ka tafi kasuwar Malumfashi, fiyanon nan nawa ne. Maɓallin nan mai maƙalewa, da kake ta ɗora wa danshin damina laifi? Ni ce, Baba. Kunu ne ya zube mini a ciki. Me ya hana ni in ce ka koya mini? Kunya ce kawai, ina ganin kullum kana nan. Wannan abu yana cin raina ƙwarai.

To ina zan koya, alhali Mama ta hana? Wani mai gyaran waya a Funtua ya ba ni dabara. Kebul ne, a soka baki ɗaya a bayan fiyano, ɗayan a waya. Akwai manhajar da ke nuna maɓallin da zan danna, in na kuskure ta yi ja. Na maƙala iyafis a kunne, na ce shi ke nan, na yi wa Mama wayo. Kullum na dawo daga gona sai in shige ɗakinka in tura ƙofa.

Kai, Baba, 'yarka da wauta! Iyafis ɗin a waya na soka, ban rage muryar fiyanon kansa ba. Mako biyu cur kunnuwana a toshe, ina tsammanin ni kaɗai ke ji, ashe har maƙwabta sun haddace kurakuraina.

Jiya na zare iyafis don in sosa kunne, hannuna ya taɓa maɓalli, sai ƙara ta cika ɗakin. Ina juyawa na ga Mama a bakin ƙofa da faifan wake. Ta ce tun ranar farko take ji. Kwanakin farko bayan rumbu take zuwa ta yi kukanta. Daga baya kuma haushi ya fi kukan yawa, wai ina korar waƙar godiyar kamar mai gudun ruwan sama. Ta ce wayar nan ba ta taɓa zuwa godiyar kaka ba. Kai kana jan waƙar ne a hankali, saboda tsofaffi na ɗauke da dammunan dawa a ka suna takawa zuwa gaba, kuma ƙafafunsu kake kallo, ba littafi ba. Shekara nawa ina zaune a cocin nan ban lura ba?

Sai ta sa na fito da fiyanon tsakar gida. Ta ɗora faifan a ka, ta soma takawa tana rera waƙar, ni kuma ina bin ƙafarta. Muryarta ta karye sau biyu, amma ba ta tsaya ba. Na yi kuka, na yi dariya, har na rasa wanne nake yi.

Ban ƙware ba tukuna, hannun hagu yana ba ni wahala, manhajar ma har yanzu tana yi mini ja. Amma yau da safe Mama ta ware babban dami guda, ta wanke zanenta na zumuntar matan coci ta shanya. Ta ce ranar Lahadi ita ce ta farko a layi, kuma in na kuskura na yi sauri, a kaina za ta sauke damin.

Ba zan yi sauri ba, Baba. Ka huta lafiya, sai mun zo.

Taka har kullum,
Rifkatu, mai zubar da kunu