Baba, Babin Mafarauta Ba Zai Fita Ba

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kana cikin ni'imar Ubangiji a makwancinka.

Littafinka na tarihin garinmu ya ƙare a kasuwa. Tun da Dutse ta zama babban birnin jiha malaman makaranta ke nemansa, don ka rubuta shi yadda ko ɗan firamare zai karanta wa kakarsa ta gane. Dattawan gari sun yarda a sake bugawa, amma wai sai an cire babin da ka ce kakanninmu mafarauta ne, masu yanka baƙin bunsuru a gindin dutse kafin damina. Wai yanzu da shari'a ta zo, abin kunya ne. Sun fi so a ce daga gabas muka taho, kowa da allonsa a hannu.

Ni na buga babin nan a tafireta, na san wahalar da ya ci. Ina tuna ka a kan tsohon babur ɗinka, ka je Jahun wurin tsohuwar nan mai daddawa jin tarihin kakanni, ka wuce wata ruga a Buji ka ji ko bakinsu zai zo ɗaya da nata, sannan ka nufi Kaduna duba takardun Turawa. Ka dawo duk ka rame, Inna tana ta mita.

Ka sha faɗa mini, "Wanda ya ɓoye duhun da aka baro, bai san darajar shiriya ba."

Ƙaninka Baffa Sale ne kan gaba wajen neman a cire babin, ka kuwa san shi da zuciya. Tun ranar da na ƙi, tuwon da nake aika masa kowace Juma'a dawowa yake yi, ko faifan ba a ɗaga ba. Abin yana yi mini ciwo, Babana. Shi kaɗai ya rage mai irin muryarka, in ya yi gyaran murya sai in ji kamar kai ne a zaure.

Duk da haka gobe zan shiga motar Kano, in kai wa masu ɗab'i littafin cikakkensa, ko wasali ban taɓa ba. Tuwo kuwa ba zan fasa aikawa ba. In sai na yi ƙarya da sunanka Baffa zai ci, to kwanon ya yi ta dawowa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sanyaya zuciyar ɗan'uwanka a kaina.

'Yarka da ta gaji taurin kanka,
Hadiza