Sunan Auta a Rumbun Asibiti

Litinin, 3 ga Maris
Yau dai shafin intanet na asibitin haihuwa ya haɗu da rumbun bayanai. Kwana uku ina fama, ashe harafi ɗaya na ɓata a adireshin sabar, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanan.

Laraba, 5 ga Maris
Na gama wurin shiga. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa, na kuma murɗe kalmomin yadda ko ni ba zan iya karanta su ba. Babbar nas ta ce, "To Injiniya, in na manta tawa fa?" Na ce sai ta sake sabuwa. Wai wannan mugunta ce.

Alhamis, 6 ga Maris
Ina kwashe tsofaffin sunaye zuwa rumbun, sai ga na Auta. Ƙanwata. A gefe an rubuta awon ciki.

Shekara biyu ba ma magana, tun ranar da na ci wa mijinta mutunci a gaban Umma. Ban ma san tana da juna biyu ba.

Dannawa ɗaya ce tsakanina da fayil ɗinta. Wata nawa, lafiya ko ba lafiya, duk yana ciki. Na daɗe hannuna na kan linzamin kwamfuta, sannan na tashi na wanke fuska.

Juma'a, 7 ga Maris
Ban buɗe ba. Ban kuma daina tunani ba.

Litinin, 10 ga Maris
Na raba izini. Likita za ta ga komai, nas ranakun awo, mai rajista sunaye kawai. Likita ta ce in bar wa kaina babban mabuɗi, ko wani abu zai lalace. Na ce in ya lalace a kira ni, mu gyara tana tsaye. Na sa ta canza kalmar sirrin rumbun da hannunta, ni ina kallon taga.

"Kai ka gina, kai ka kulle kanka a waje?" in ji ta.

Dariya kawai na yi.

Laraba, 12 ga Maris
Na kira Umma. Na tambayi lafiyar kowa ban da mutum ɗaya. Za mu yi sallama ta ce Auta za ta zo ran Asabar. Na ce to.

Asabar, 15 ga Maris
Wayar Umma na je dubawa, ba wani abu ba. Lafiyarta lau ma, wayar.

Na yi sallama a ƙofar falo. Sai na ji muryar Auta, "Yaya?"

Sai la'asar na baro gidan. Cikin nata wata bakwai ne. Ita ta gaya min da bakinta.