Ginin da Bai Sha Ruwa Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Gwaggo da duk mutanen gidan. Allah ya ƙara miki basira, ya sa ki gama karatun nan lafiya, ki dawo mana da abin da kika je nema. Mu nan lafiya lau, sai dai gajiya. Jaririn Yaya Direba ya fara zama, tarin Mama kuma ya yi sauƙi sosai, mun gode Allah. Na san kin ji a waya cewa mun tashi daga tsohon gida, amma ba komai ake faɗa a waya ba alhali Baba yana zaune kusa. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna filin da ke bayan makarantar da nake koyarwa? Farkon zangon nan babu komai a cikinsa sai ciyawa. Kwatsam tireloli suka fara shigowa, kowace ɗauke da bango guda, da tagarsa a jiki. Wata ta kawo matakala, wata ta kawo banɗaki sukutum har da famfonsa. Injin ɗaga kaya ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata na ɗaurewa da noti suna walda. Duk kwana uku sai an ƙara hawa ɗaya. Cikin mako shida bene mai hawa goma sha huɗu ya tsaya. Ɗalibaina suka daina kallon allo, har na haƙura na riƙa koya musu lissafi da tagogin benen. Sun iya kuwa, amma ni kullum da ciwon kai nake komawa gida saboda ƙara.

A cikin benen nan aka ba mu gida a hawa na tara, tunda za a rushe layinmu. Sharaɗin shi ne mai gida ya sa hannu kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba na bayanmu, mu jira bene na gaba, wanda sai bayan damina za a raba. Likita kuwa ya riga ya gaya mana kada Mama ta sake yin damina a ɗakin nan mai danshi. To, Baba ya ce ba zai sa hannu ba. Ya ce shekara arba'in yana aikin gini, kuma tun da aka fara benen nan kullum yana zaune a inuwar shagon mai gyaran keke yana kallo, bai taɓa ganin mutum ɗaya riƙe da tiyo yana ba bango ruwa ba. Wai siminti da bai sha ruwa ba biskit ne, shi kuma ba zai ɗora matarsa a kan biskit hawa tara ba. Mama ta ce ita ba ta san tana da tsada haka a wurinsa ba sai yanzu. Ta ƙara da cewa gidan da ya gina da hannunsa ai ya sha ruwa, kuma har yau bai daina sha ba, ta bangon ɗakinta. Mu muka yi dariya, shi kuwa bai sake yi mata magana ba sai da yamma.

Kin san halina, na ɗauka komai bayani yake so. Na nemo takardu, na zana masa hoto, na zauna ina karanta masa kamar ɗan aji uku. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce Malama ta iya karatu, amma shi bai taɓa ganin takarda ta riƙe rufi ba. Yaya Direba ya gwada nasa, suka rabu ba daɗi. Ana haka har ya rage saura kwana huɗu. Ina tafiya makaranta ina jin tarin Mama a kunnena, in dawo in tarar da takardar sa hannun a kan tebur yadda na bar ta.

Da na rasa yadda zan yi, sai na nemi izini a wurin shugabar makaranta, na je har masana'antar da ake zuba bangayen, na roƙi shugaban ma'aikatan ya bari in kawo mahaifina ya gani. Washegari Yaya ya kai mu. Baba ya ga yadda ake shimfiɗa rodi a cikin faranti na ƙarfe, a zuba kankare, a tura shi wani ɗaki mai cike da tururi. Daga nan aka fita da mu fili, inda bangaye ke jere a jingine, ruwa na fesa musu ta ƙananan bututu. Auta, da kin ga fuskarsa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan jiƙaƙƙen bango, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Ya tambayi kwana nawa suke yi a nan, aka ce masa mako uku. Shugaban ma'aikatan, Allah ya saka masa, ya kira shi Baba Magini, ya tambaye shi me yake ji in ya ƙwanƙwasa. Rabin awa Baba ya yi yana bayani, ma'aikata biyu suka ajiye aiki suna saurare. Na fi shekara ban ji ya yi doguwar magana irin wannan ba. A hanyar dawowa sai ya ce ashe a can suke shayar da shi. Da safe ya sa hannu.

Na ɗauka an gama ke nan. Muka yi kwana biyu muna kwasar kaya, lifta na hawa da sauka da mu har ƙafafuna suka kumbura. Safiyar farko a sabon gida na fito da shirin makaranta, sai na tarar da Baba da bokiti da kwano yana watsa wa bangon falo ruwa, bangon da aka yi wa fenti fari tas. Ruwa ya jiƙa darduma, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita har bakin lifta. Maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya, saura kaɗan ta faɗi. Mai kula da benen ya hau yana faɗa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ɗaga wa Baba murya a gabansu. Na ce ai da idonsa ya ga bangon ya sha ruwa, me kuma yake nema. Ya ce ya sani. Ya ce kawai dai duk gidan da ya taɓa sa mutane a ciki, da hannunsa ya ba shi ruwa, wannan kuwa ko bulo ɗaya ba a bari ya ɗora ba. Ya ajiye kwanon a hankali ya shiga ɗaki. Na tsaya na goge ruwan, na makara, ranar ban san abin da na koyar ba.

Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, irin ba komai ɗin nan nasa da kika sani. Yanzu Mama tana barci lafiya, ɗakinta a bushe, rana na shiga. Shi kuwa wuni yake a bakin taga yana kallon sabon benen da ake ginawa kusa da namu yana tashi. Cokalinsa na gini yana cikin jaka a ƙarƙashin gado. Ya so ya rataye agogonmu, bangon ya lanƙwasa masa ƙusa uku, har yanzu agogon na jingine a ƙasa.

Ga abin da nake roƙon ki, tunda ke kika gaje shi, gini kike karantawa. In kin kira, kada ki tsaya a tambayar lafiya kawai. Ki tambaye shi kwana nawa ake ba siminti ruwa, da yadda ake gane ya ƙoshi daga ƙararsa. Ki tambaya da gaske, ki rubuta, domin ba duka za ki samu a littattafanku ba. Kada ki nuna kin san zancen bokitin. Tabon ruwan yana nan a bangon falo, daga tsayin kafaɗarsa zuwa ƙasa. Mai kula da benen ya ce a sake fenti, na sayo, amma Mama ta ce kada wanda ya taɓa mata shi.

Ki gaida Gwaggo da kyau, ki ce mata Mama na tambayar ƙafarta. Ki gaida Kawu Dogo da iyalinsa. Yaya Direba da matarsa suna gaishe ki, Mama na sa miki albarka. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci, ki kula da karatunki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki Malama