Abin da Ke Cikin Kwali na Bakwai

Longsight, Manchester
Talata

Zuwa ga Ubaida, hasken idona, inuwar da nake fakewa, ruwan sanyin da na samu bayan doguwar tafiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya kwana uku yana juya magana ɗaya a bakinsa, ta ƙi haɗiyuwa, ta ƙi fita.

Kin san aikina tace labarai ne. A gidan jaridarmu ba na barin labari ya wuce sai na ji shi daga bakin mutum biyu. Yau zan karya wannan ƙa'ida, domin shaida ta biyu ke ce, kuma kin yi shiru.

Ran Asabar na zo unguwarku ta Erdington kamar kowane ƙarshen wata, don haɗa kayan ɗalibai a falon ƙawarki Lovelyn. Shekara huɗu ke nan kuna fitowa daga aikin jinya a gajiye, ku zauna a kan kafet ɗin nan kuna neman yadda yara arba'in da biyu na ƙauyen su Lovelyn a ƙasar Filifin za su ci gaba da karatu. Nawa aikin ƙarami ne: in rubuta abin da ke cikin kowane kwali kafin a liƙe shi, waɗannan manyan kwalayen da suke kira balikbayan, masu yin wata biyu a teku. Shida na rubuta da hannuna. Littattafan rubutu, takalman makaranta, rigunan ruwa, fitilu masu cajin rana. Na bakwai na tarar an riga an liƙe shi, an ce kina bakin aiki a asibiti. Lovelyn, wadda ba ta taɓa ganina ba tare da ta tsokane ni da "surukinmu mai jan biro" ba, ta miƙo mini takardarsa ta kau da kai.

Rubutunki ne. Dardumar salla. Alƙur'anin marigayiya mahaifiyarki. Na'urar awon jini. Tukunyar da kike dafa wake da shinkafa. Littattafai biyar da na ba ki.

Ya farin watan zuciyata, yaran ƙauyen nan Kiristoci ne, wa zai shimfiɗa darduma a cikinsu? Wane ɗalibi ne ke buƙatar tukunyarki? Ba kayan makaranta kika tura ba, ɗakinki kika fara kwashewa, kaɗan-kaɗan, yadda ruwa ke janyewa daga gaɓa ba tare da ƙara ba. Na san ciwon shanyewar jiki ya kwantar da Anti Margaret, yayar mahaifiyar Lovelyn, wadda ke riƙe da ɗakin karatun yaran. Na san Lovelyn tana da 'ya'ya uku a makaranta, ba inda za ta. Saura wa? Ban buƙaci wanda zai ƙarasa mini labarin ba.

Kin tuna bara, da kika dawo daga ziyarar ƙauyen? Muna tsaye a tashar bas ta Stockport Road, ana yayyafi, lema ɗaya a tsakaninmu. Kika ba ni labarin Bethany, wadda take tsallake kogi da littattafai a ka, har ta ci jarrabawar shiga kwalejin malamai. Fuskarki ranar kamar gona bayan ruwan farko. Bas biyu suka wuce ba mu gani ba. Kika ce a can ne kika fara jin hannuwanki sun yi daidai da aikinsu. Ni kuma me na yi? Washegari na tura miki rahotanni bakwai: yawan guguwar da ke faɗa wa yankin a shekara, da tudun bayan makarantar da masana suka ce ƙasarsa ta fara tsagewa. Ba ƙarya a cikin ko ɗaya. Na ci gardamar, kika yi murmushi, kuma tun daga ranar ba ki sake ambata mini ƙauyen ba. Ni na koya miki yin shirun nan, ni da hujjojina.

Har yanzu ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Damina ta kusa a can. Duk safiya ina buɗe taswirar yanayi kafin in buɗe aikina, ina kallon farin gajimaren da ke murɗawa a kan teku kamar maciji yana naɗe jiki. Tudun yana nan, tsagar tana nan. Amma akwai abin da ya fi guguwa ba ni tsoro: in wayi gari in ji daga bakin mahaifinki, Alhaji Iddi, cewa kin tashi jiya. Mutumin da ya karɓi goron kawunnaina da hannu biyu! Shi ma bai sani ba, ko?

A unguwar Gorton yayyena na can suna cika akwatunan lefenki, suna musu a kan atamfa da leshi, ke kuma kina nan kina kwashe ɗaki. Ban ce musu komai ba.

Ga abin da na yi jiya. Na tambayi editanmu ko zan iya yin aikina daga nesa. Ya ce a'a, ko kallona bai yi ba. Na nemi ya faɗa mini wa'adin ajiye aiki, ya ce wata guda. Takardar ajiye aikin tana aljihuna, ba kwanan wata, ba sa hannu.

Ba na roƙonki ki zauna, kurciyata. Tsuntsuwar da aka ɗaure ba ta kuka irin na da. Roƙona ɗaya ne: ki faɗa mini da bakinki, kafin motar kamfanin jirgi ta zo ɗaukar kwalayen ran Juma'a. In tafiya ce, mu je gaban Alhaji tare, a matso da ɗaurin aure, in koyi harshen mutanen, in koya wa yaran rubutu a ƙarƙashin tudun da nake tsoro. In kuwa kin yanke shawarar tafiya ke kaɗai, wannan ma ina son in ji, kina kallon idona.

Ran Alhamis zan hau jirgin ƙasa na ƙarfe goma, in jira ki a ƙofar asibiti har ki tashi aiki. Da biro zan zo.

Naki a tudu ko a teku, muddin da numfashi a ƙirjina,

Nuruddeen